An kawo mustashar, an je daura, amma kicin ɗinmu na nan yadda yake

Wa alaikumus salam ƙanena. Sau biyu na karanta tambayarka kafin in fara rubutu, saboda abin da ka faɗa shi nake gani kusan kullum a wurin aiki. Ka ce kana aiki a wani kamfanin dafa abincin alhazai a nan Makka, bara mai kamfani ya kashe kuɗi ba kaɗan ba, ya kawo mustashar, wato masani mai ba da shawara, daga waje ya yi wata biyu, aka tura mutum huɗu daura, wato kwas na horo, a Jidda kan tsaftar abinci, aka sayi manhajar lissafin sito, satifiket ma ya fito an sa shi a firem an rataye a ofishin mudir, wato manaja, amma da mausim, wato lokacin Hajji, ya zo aiki ya yi zafi sai kowa ya koma yadda ya saba kamar ba a yi komai ba. Shine kake tambaya wai me ke hana kamfani cin moriyar ilimin da ya samo daga waje, kuma kai da kake ƙaramin mushrif, mai kula da ma'aikata, akwai abin da za ka iya yi ko babu.

Ni shekarata goma sha bakwai a harkar inganci da horar da ma'aikata tsakanin Jidda da Makka da Madina, na yi a manyan kicin, na yi a sito na kayan sanyi, na ɗan taɓa asibiti. Abin da na gano a tsawon wannan lokaci shi ne samo ilimin ba shi ne wahala ba, a ƙasar nan in kana da riyal ko gobe ka so za a sauke maka masani daga duk inda kake so. Wahalar tana cikin gida, wato ko akwai ƙasar da za ta sha ruwan in an zuba.

Ka san hadisin nan na Abu Musa al-Ash'ari, inda Annabi (SAW) ya misalta shiriya da ilimin da aka aiko shi da su da ruwan sama mai yawa da ya sauka a ƙasa, wani yanki ya sha ya fitar da tsiro, wani ya riƙe ruwan mutane suka sha suka shayar, wani kuma fako ne, bai riƙe ruwa ba bai fitar da ciyawa ba. Maganar addini ake yi a wurin, amma wallahi duk lokacin da na shiga wani kamfani misalin nan ne ke fara faɗo min a rai. Masana harkar gudanarwa ma kusan nan suka tsaya. A 1990 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Wesley Cohen da Daniel Levinthal, suka yi rubutun da har yau shi ne tushen wannan fanni, suka ce kowane kamfani yana da iyakar ƙarfinsa na shan ilimin waje, wato ya gane darajar sabon abu in ya gan shi, ya narkar da shi a cikinsa, sannan ya yi aiki da shi, kuma wannan ƙarfin ya dogara ne kacokan kan abin da kamfanin ya riga ya sani mai alaƙa da sabon. Wanda bai iya baƙi da wasali ba ko ka ajiye masa ɗakin littattafai guda ba abin da ya ƙaru da shi. Daga baya a 2002 Shaker Zahra da Gerard George suka ƙara rarrabe abin, suka nuna samowa da fahimta daban, sarrafawa da yin aiki da shi kuma daban, kuma kamfani zai iya yin ƙarfi a na farkon ya zama ba shi da komai a na biyun. To kamfaninku kenan, kun samo, wataƙila ma mutum huɗun nan sun fahimta, amma abin bai sauka tukunya ba.

Bari in ba ka labarin wani dare, don gani ya kori ji. Wani kamfani irin naku ya kira ni a watan Zulƙida saboda alhazan otal biyu suna ta ƙorafin ciwon ciki da amai, alhali suna da satifiket ɗinsu sabo fil. Na ƙi zuwa da rana, na je ƙarfe uku na dare lokacin da ake ɗora shinkafar rana. A jikin bango kusa da tukwane ga takardar rubuta zafin abinci a rataye, na duba, tun daga sama har ƙasa digiri 75, 75, 75, biro ɗaya, hannu ɗaya, har layin ƙarfe biyar na asuba da bai riga ya yi ba an cike shi. Na ce ina ma'aunin zafin? Aka yi shiru, can wani yaro ya ce yana durowar mudir. Da aka buɗe da safe yana cikin ledarsa ko ɓare shi ba a yi ba, wai an ce duk wanda ya ɓatar za a cire a albashinsa, shine kowa ya ga gara kar ya taɓa.

A kicin ɗin akwai wani dattijo Bahaushe ɗan Shara Mansur, ya fi shekara talatin yana dafa wa alhazai, yana zaune kan kwandon roba yana gyaran albasa yana kallona. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba kai me ka gani? Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, shinkafar nan ba a tukunya take lalacewa ba, a mota take lalacewa. Ka duba waɗanne otal ne suke kuka, ai su ne na ƙarshen layi." Washegari na shiga motar da kaina da ma'auni a hannu. Abinci ya bar kicin da zafinsa sama da 70, muka shiga cunkoson kusa da Harami, ana sauke wa wannan otal ana buɗe ƙofar mota ana jiran mandub, wato wakili, ya sa hannu, kafin mu kai otal na ƙarshe an yi awa uku da wani abu, na soka ma'auni a fakitin shinkafa ya nuna arba'in da 'yan kai. Shikenan magana ta fito. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta kashe ƙwayayenta duka, in abinci ya zauna tsakanin digiri 5 da 60 sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta zuba guba, gubar nan kuma ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa dafaffen abinci ya zauna sama da 60 ko ƙasa da 5, kuma kar ya wuce awa biyu a ajiye haka nan.

Yanzu ka duba abin takaicin. Tsarin tsaftar abinci na HACCP da suka biya kuɗi aka kawo musu, wanda asalinsa kamfanin Pillsbury ne da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka ƙirƙiro a shekarun 1960 don abincin 'yan sama jannati, gaba ɗaya manufarsa ita ce ka bi hanyar abincinka kai, tun daga sayen kaya har bakin mai ci, ka gano a ina haɗarin yake ka tsare wurin. Amma mustashar ɗin ya kwafo fayil ɗin ne daga kicin ɗin otal inda tsakanin tukunya da tebur taku ashirin ne, babu mota a lissafinsa kwata-kwata. Ilimin waje na nan a fayil, ilimin gida na nan a kan Baba, wata biyu suna gini ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba, don ba wanda ya ga ya dace a tambayi mai gyaran albasa.

Wannan ya kawo ni kan tambayar da nake so ka amsa wa kanka: su waye mutum huɗun da aka tura Jidda? Ban san kamfaninku ba amma na ga irinsa da yawa. A wurinmu daura ta zama kamar lada ko hutu, kwana biyar a otal da abinci mai kyau, dan haka akawu ake turawa, da mandub, da ɗan ƙanwar mai kamfani, da wanda ya iya Turanci. Wanda ke riƙe da ludayi da wanda ke lodin mota ba a ma kawo su a rai, ana cewa ai in sun tafi aiki zai tsaya. Su kuma waɗanda suka je ba su da abin da za su rataya sabon ilimin a kai, ba su taɓa sauke tukunyar mutum dubu ba, sun ji bayani sun gane a ka, sun dawo sun koma kan kwamfutarsu. Ga kuma matsalar harshe, an yi daurar da Turanci ko Larabcin littafi, kicin kuma Hausa ake yi da Bangali da Urdu da Larabcin kasuwa. Da ɗan gari kan ci gari. Kowane sabon ilimi baƙo ne, sai ya samu wani a cikin gida wanda yake jin yaren ɓangare biyun, ya san maganar masana kuma ya san zafin murhu, shi zai kama hannunsa ya zaga da shi. Thomas Allen na jami'ar MIT a Amurka tun a shekarun 1970 ya nuna haka a ɗakunan bincike, ya ga ilimin waje ba ta kowa yake shigowa ba, ta hannun wasu 'yan tsiraru yake bi, waɗanda ke karatu suna hulɗa da waje sannan abokan aiki suna zuwa wurinsu tambaya. In kamfani ba shi da irin wannan mutum, ko yana da shi amma ba a ba shi daraja, to duk abin da aka sayo a bakin ƙofa zai tsaya.

Sannan akwai ilimin da ba ya shiga takarda ko an so. Kamfanin Matsushita na Japan a wajen 1985 suna ƙera injin yin burodi na gida, injiniyoyi suka yi ta fama burodi ya ƙi daɗi, sai wata ma'aikaciyarsu Ikuko Tanaka ta je ta zama 'yar koyo a wurin babban mai burodi na wani otal a Osaka, tana kwaɓa fulawa tare da shi, a nan ta lura ashe ba miƙar da kwaɓin kawai yake ba, yana murɗa shi ne yana miƙarwa, abin da shi kansa bai taɓa faɗa ba don hannunsa ne ya sani ba bakinsa ba. Da aka sa wannan murɗawar a injin sai ya yi. Mu Hausawa ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, wa ya taɓa koyon ƙira ko dukanci ko tuƙin tuwo daga takarda? Zama ake yi kusa da mai yi. Amma da an ce "kamfani" sai mu manta, mu ɗauka fayil da satifiket sun wadatar.

Misalin da ya fi girgiza ni shi ne na General Motors. Suna da wata masana'antar mota a Fremont ta jihar Kalifoniya da ta yi ƙaurin suna wajen rashin inganci har suka rufe ta a 1982. A 1984 suka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne dai, aka kwashi ɗaruruwansu zuwa Japan suka tsaya a layin haɗa mota kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan Toyota, cikin ɗan lokaci motocin Fremont suka shiga sahun mafi inganci a duk GM. Amma da GM ta so ta kai tsarin sauran masana'antunta sai abu ya yi ta cijewa shekara da shekaru, manajoji suna zuwa suna kallo suna ɗaukar hoto suna komawa, suna kwafar abin da ido ke gani, abin da ido ba ya gani kuma ya gagara. Kaga kamfani ne da ya mallaki rabin masana'antar, ƙofa a buɗe, ba a ɓoye masa komai ba. Gabriel Szulanski da ya bi diddigin sau 122 da aka yi ƙoƙarin kai kyakkyawan tsari daga wani sashe zuwa wani a kamfanoni takwas, a bincikensa na 1996 ya samu cewa manyan abubuwan da ke hanawa su ne mai karɓa ba shi da tushen da zai karɓa, ba a san takamaimai me ya sa abin yake aiki a inda yake aiki ba, sannan alaƙa tsakanin mai bayarwa da mai karɓa ba daɗi. Ƙyashi da lalaci da muke saurin ɗora wa laifi ba su ne a gaba ba.

Abin da ido ba ya gani a Toyota ɗin nan, babbansa igiya ce. Akwai igiya a saman layi, ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala yana ja, shugabansa ya rugo, in ba a warware ba layi ya tsaya, kuma ba a hukunta shi, gode masa ake yi. To a nan nake so in daɗe, don a ƙasar nan wannan ita ce babbar katanga kuma ba a son maganarta. Wanda ya fi kowa sanin inda matsala take shi ne wanda ya fi kowa tsoron magana. Mutum igamarsa, wato takardar izinin zama, a hannun kamfani take, yana da iyali a gida suna jiran abin da zai turo ƙarshen wata, ko nan aka haife shi amma takardunsa sai a hankali, ka ce ya ɗaga hannu a miting ya ce ya mudir abincin da muke kaiwa yana hucewa a hanya? An sassauta dokar canza wurin aiki tun Maris 2021, gaskiya ne, amma tsoron da ya shekara arba'in a zuciya doka ɗaya ba ta cire shi. Ga kuma tarbiyyarmu, an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, magana ce mai kyau a muhallinta kuma ni ina girmama ta, sai dai a wurin aiki babba yana ofis mai sanyi ne, yaron ne yake cikin mota a cunkoson Ajyad, abin da yaron ya gani babba ba shi da hanyar ganinsa sai an faɗa masa. Amy Edmondson ta Harvard ta yi bincike a asibitoci ta ga abin da ya ba ta mamaki, rukunin ma'aikatan da suka fi kyawun shugabanci su ne suka fi yawan rahoton kuskure, ba don sun fi yin kuskure ba, sai don ba sa tsoron faɗa. Takardar nan mai 75 daga sama har ƙasa ba ƙarya ce ta mugunta ba, amsa ce ta mutanen da suka gane cewa lamba mai kyau ake so a gani. Duk inda faɗin gaskiya ke jawo yankan albashi, sabon tsari zai koma cike takarda, ko daga wace ƙasa aka kawo shi.

Sai maganar mausim, wadda ta shafe ku kai tsaye. Rabin ma'aikatanku na wata biyu ne ko uku, an koya musu, Hajji ya ƙare, sun watse, baɗi wasu sababbi. Na dindindin ɗin ma wanda ya ƙware sai ka ji ya samu wani wuri ko ya yi fita ta ƙarshe ya koma gida da duk abin da ke kansa. Kuma bayan an sauko daga Mina kowa ya gaji liƙis, ba wanda ke zama a ce to me ya faru bana, wace mota ce ta makara, wane otal ne ya yi kuka, sai a tafi hutu, kafin Ramadan an manta. Kamfani ya shekara ashirin yana aiki amma a gaskiya shekara ɗaya ce yake maimaitawa. Ka kwatanta da Aramco, kamfanin man Saudiyya. Ali al-Naimi ya shiga kamfanin a 1947 yana yaro ɗan shekara 12 yana aikin kai takardu ofis-ofis, kamfanin ya sa shi makaranta, ya tura shi Amurka ya karanta ilimin duwatsu da ma'adinai a Lehigh da Stanford, ya dawo ya bi matakai har ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci kamfanin a 1984, a 1995 ya zama ministan mai. Kusan shekara arba'in ana gyara ƙasar kafin ta riƙe ruwan da Amurkawa suka zo da shi. Ban ce kamfanin abinci ya yi irin na Aramco ba, amma ko mutum biyar ne a riƙe su da kyau, a san su ne rumbun gidan. Haka tsarin Nitaqat na wajabta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa aiki, da aka fara a 2011, inda aka ɗauki ɗan ƙasa aka zaunar da shi kusa da ƙwararre ana koya masa, na ga ya yi amfani sosai, inda kuma aka ɗauke shi don lamba ta cika aka ba shi tebur a lungu, an cuce shi an cuci kamfanin.

Mu masu ba da shawara ma muna da namu laifin, kuma ina faɗa da nadama don na yi. Shekarun farko ina auna aikina da kaurin rahoton da na miƙa, in karɓi cek in tafi, sai da na koma wani wuri bayan shekara na tarar da fayil ɗina a kan kabad ƙura ta rufe shi, mutanen da na yi wa alkawarin gyara suna nan cikin wahalarsu, ranar ban yi barci ba. Yadda ake rubuta kwangilar ne ya lalace tun farko, ana biya ne in an miƙa takarda ko in satifiket ya fito. Yanzu ba na karɓar aiki sai an ba ni mutum biyu na cikin gida da za su bi ni ƙafa da ƙafa, kuma kason ƙarshe na kuɗina sai sun tafiyar da tsarin wata guda ba na nan.

Manhajar sito kuwa ba sai na daɗe ba, na tabbata littafin da yana nan ana rubutawa a ciki, ita kuma ana cika ta ranar Alhamis daga abin da aka tuna. In dai tsohuwar hanya a buɗe take ba wanda zai bi sabuwa ranar da aiki ya yi yawa. Amma ka tuna lokacin da ZATCA, hukumar zakka da haraji, ta wajabta rasit na lantarki, Fatoora, daga 4 ga Disamba 2021, har mai ƙaramin shago ya koya cikin 'yan makonni, saboda akwai rana, akwai tara, kuma mai kamfani da kansa yana tambaya kullum. Ma'aikata ba abin da aka rataye a bango suke karantawa ba, abin da maigida ke tambaya in ya shigo da safe shi suke karantawa. In tambayarsa kullum ita ce fakiti nawa aka fitar kuma nawa aka kashe, bai taɓa cewa da wane zafi ya isa ba, to an gama magana.

Akwai wata cuta mai fuska biyu da ya kamata ka sani. Ɗaya ita ce "mu za a koya wa? tun kafin a haife shi muke ciyar da alhazai". Ralph Katz da Thomas Allen ɗin nan sun bi rukunin masu bincike 50 a 1982, suka ga in mutane suka daɗe tare ba sabon jini, wajen shekara biyar zuwa sama, sai su rage hulɗa da waje aikinsu ya fara ja baya. Ɗaya fuskar kuma ita ta fi yawa a wurinmu a ganina, wato duk abin da Bature ya faɗa daidai ne, abin da Baba ya faɗa surutu ne, har sai ka ga an biya dubban riyal an kawo mutum ya faɗi abin da direba ya shekara uku yana faɗa a kyauta. Duka biyun hana haɗuwa suke yi. Inda aka haɗa kuwa ka ga Jamarat, bayan turmutsitsin Janairun 2006 da ya ci rai sama da 340, an rushe tsohuwar gadar an gina mai hawa-hawa, masana cunkoso irin su Dirk Helbing daga Jamus suka zauna da injiniyoyin ƙasar nan suna nazarin bidiyon abin da ya faru, aka mayar da tafiya hanya ɗaya, shiga daban fita daban, aka tsara wa kowace tawaga lokacinta. Lissafin daga waje ya zo, amma sanin yadda alhaji yake, da lokutan jifa, da abin da malamai za su yarda da shi, wannan na gida ne, kuma ba ɗayan da zai yi aiki shi kaɗai.

To kai me za ka yi, tunda ba kai ke sa hannu a cek ba? Kar ka ɗauko fayil ɗin gaba ɗaya ka ce za ka aiwatar, zai danne ka. Ɗauki abu ɗaya tak wanda yake yi wa mai kamfani ciwo a aljihu, abincin da ake dawowa da shi ko ƙorafin da ke sa a yanke muku kuɗi. Ka samu dattijon kicin ɗinku, akwai shi, kowane kicin yana da shi, ka kai masa shayi bayan an sauke tukunya ka tambaye shi a ina yake ganin abin ke lalacewa, ka yi shiru ka saurara, haka direbobi. Sannan ka je wurin ɗaya daga cikin huɗun da suka je Jidda, wanda ya fi sauƙin kai, ka ce ya buɗe maka takardun daurar ku duba me aka ce game da wannan abu ɗayan, kaga ka haɗa baƙo da ɗan gari kenan ba tare da ka kira miting ba. Yanzu lokacin Umra ne aiki da sauƙi, shi ne lokacin gwaji, kar ka bari sai Zulƙida. Ka sayi ma'aunin zafi naka na kanka a shagon kayan kicin, ba shi da tsada, ka gaya wa yaranka ƙarara cewa duk lambar da ta fito a rubuta ta yadda take kuma in ya ɓata kai ka ɗauka, sannan ranar farko da wani ya kawo maka lamba mara kyau ka gode masa a gaban kowa, don wannan ranar ce za ta nuna musu ko da gaske kake.

Ka auna mota ɗaya kwana goma, zafin fita da zafin isa a kowane otal da lokacin da aka ɗauka. In za ka shiga wurin mudir kar ka ce tsarin mustashar bai yi ba, kar ka ambaci laifin kowa, ka ajiye masa takardar ka ce ga abin da muka gani, ga riyal ɗin da muke asara, ina neman izini in gwada raba layin nan biyu ko in canza akwatunan mota ɗaya na sati biyu. A kamfanin da na ba ka labari abin da muka yi kenan, aka raba layin, otal biyun ƙarshe aka ba su ƙaramar mota tasu, aka sa Baba ya riƙa zama da sababbin 'yan mausim rabin awa kullum a satinsu na farko yana yi musu bayani da Hausa da Larabci, wani yaro ɗan Bangaladash yana juya wa 'yan uwansa.

In ka tara na kwana goman ka turo min mu duba tare kafin ka kai ofis, ka rubuta har da sunan unguwar kowane otal da lokacin da motar ta tashi, don cunkoson bayan Azahar daban yake da na bayan Isha. Allah Ya taimaka, ka gaida mutan gida.